Wanda Zai Ce Ya San Dogo

Sabiru yana fito da babur ɗinsa daga soro zai tafi aiki, sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya tsaya da ita a hannu yana kallo, domin a 'yan shekarun nan duk mai dangi a ƙauye ba ya gaggawar amsa lambar da bai sani ba. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka, ya kara a kunne.

"Salamu alaikum. Sabiru ne na Rawayya? Wanda ya fasa gilashin ofishin shugaban makaranta da ƙwallo?"

Muryar ta yi kauri, akwai gajiya a cikinta, amma dariyar da ta biyo bayan tambayar ba ta sauya ba. Sabiru ya jingine babur a bango.

"Dogo?"

"Shi ne. Hamidu Dogo. Ashe ba ka manta ba."

Ina zai manta? A makarantar kwana ta Bungudu gado ɗaya suka yi, mai hawa biyu, Hamidu a sama, ƙafafunsa kullum sun zarce ƙarfen gadon suna lilo a saitin fuskar Sabiru. Shi ɗan makiyaya ne daga wata ruga a dajin arewa da garin, Sabiru kuwa ɗan manoma. Duk dawowa daga hutu Hamidu kan zo da man shanu a gwangwani, Sabiru ya zo da ƙuli-ƙuli, su kulle a akwati ɗaya. Suna aji biyar mahaifin Hamidu ya rasu, dangi suka zo suka tafi da shi ya riƙe garke. Sama da shekara ashirin ke nan, ko labarinsa Sabiru bai ƙara ji ba.

Suka gaisa, aka tambayi iyali. Hamidu ya ce wajen Kamilu, ɗan ajinsu da ke Bungudu, ya samu lambar. Ya ce yanzu yana Tsafe, kuma yana so su ga juna.

"Lahiya dai ko?"

"Lahiya lau. Magana ce wadda ba ta waya ba. In ka samu sarari ka zo. In ba ka samu ba, wallahi ba komi."

Sabiru ma'aikaci ne a sashen da ke raba wa manoma iri a Gusau, kuma ruwan farko ya riga ya sauka, ofis cike da mutane. Ranar dai ya kasa zama a kujerarsa. Ya fita ya sayi goro bai ci ba, ya dawo, ya sake fita. Murna yake ji, ba shakka, har yakan kama kansa yana murmushi shi kaɗai. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu mai nauyi. Daminar bara waccan ne mutane a kan babura suka tarar da yayansa Bawa a gonarsu ta nesa, can bayan Rawayya, suka harbe shi yana huɗa. Tun daga nan ba wanda ya ƙara noma gonar, mahaifiyarsu ma Sabiru ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a unguwar Damba, gefen Gusau. Ya sha faɗa wa mutane cewa laifin wasu ba ya hawa kan wasu. Yau da maganar ta zo har cikin wayarsa, sai ya ji faɗin ya fi sauƙi.

Ya kira Kamilu bai ɗauka ba. Ana idar da sallar Juma'a ya hau babur ya kama hanyar Bungudu.

Kamilu yana da kemis a bakin titi. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, bakin nan kuwa yana nan yadda aka san shi. Yana ƙulla wa wata mata ƙwayoyin zazzaɓi yana zuba wa Sabiru labarin 'yan ajinsu ba tare da an tambaye shi ba. Tajuddeen yana Ikko yana sayar da kayan waya, ya auri Bayarabiya, in ya kira sai ya riƙa haɗa Hausa da wani abu daban. Bashir, wanda darasin lissafi ke sa wa ciwon ciki, shi ne yanzu malamin lissafi. Umar kuma ya shiga soja, an tura shi gabas, matarsa tana nan garin tana jiran waya.

"Dogo ya kira ni," in ji Sabiru.

Kamilu ya jira matar ta fita, sannan ya rage murya.

"Ya zo nan watan jiya. Ban gane shi ba sai da na ga ya duƙa zai shigo ƙofa. Ɗaki yake nema, shi da iyalinshi. Duk inda ya je sai a ce mashi, wa ya san ka, wa zai tsaya maka?"

"Kai mi ka ce mashi?"

"Mi zan ce? Na sa anka kawo mashi abinci, na ba shi maganin ciwon ƙafa, na ba shi lambarka." Ya kau da kai yana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. "Sabiru, wanga gari ƙarami ne. In na tsaya mashi, gobe wani abu ya faru ko a ina ne, shagona za a fara zowa. Gusau birni ne, mutum na iya shigewa cikin jama'a."

"Amma a ganinka, hannunshi wanke yake?"

"Ban sani ba. Allah ban sani ba. Na dai ga mutum ya rame. Kai ka kwana ƙarƙashinshi shekara da shekaru, ni ko ɗakinku ban zauna ba."

Da Sabiru ya koma gida da yamma bai iya cin tuwo ba. Ya duba tayar babur, ya ɗebi ruwa ya zuba wa bishiyar lemon da ruwan sama ya riga ya jiƙa, ya shiga ɗaki ya fito. Matarsa Jamila ta bar wanke-wanke ta bi shi bayan madafa, inda Inna ba za ta ji ba, ya gaya mata komai.

"To ka je ka gan shi mana," ta ce. "Tun da ka shigo kake kewaya gidan nan kamar wanda ya yar da mabuɗi. Zuwa ai ba alkawari ba ne."

Washegari Asabar ya bar babur a gida ya shiga ƙaramar bas. Daga Damba zuwa Kwatarkwashi fasinjoji na ta hira, wata tsohuwa na faɗa da kwandasta a kan buhunta. Da suka bar dutsen Kwatarkwashi a baya sai hirar ta mutu da kanta. Direba ya ƙara wuta, kowa ya zuba ido ta taga. Gonakin bakin hanya an yi musu shuka, gero ya fara leƙowa, amma can ciki wajen itatuwa ƙasa tana kwance ba wanda ya taɓa ta. Sabiru ya lura yana danna ƙafarsa a ƙasan motar kamar shi ke tuƙi. Sai da suka ga shingen jami'an tsaro na shiga Tsafe tsohuwar ta ci gaba da faɗanta daga inda ta tsaya.

Bai sha wahalar neman Hamidu a tasha ba. Kansa ya zarce na kowa, ga furfura ta cinye gemu, rigar jikinsa kamar an rataye ta a sanda. Suka riƙe hannun juna suka kasa saki. Hamidu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Har yanzu ba ka ƙara tsawo ba." Sabiru ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa.

Bayan tasha ya kai shi, gidan wani mahauci da ya saba sayen shanu a hannunsa a da. Mahaucin ya ba su aron ɗakin da yake ajiye fatu, warin bai gama fita ba. A nan Hamidu ke zaune da matarsa Khadija da 'ya'yansu mata uku. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, babbar 'yar, Husna, ta kawo fura ta durƙusa ta gaida baƙo.

"Sha, amma kada ka yaba," in ji Hamidu. "Nonon ma saye muke yi yanzu."

Da farko makaranta suka koma. Suka tuna malamin da ke barci a tsaye, da ranar da aka kama su sun tsallaka katanga zuwa gulbi, da wake mai ƙwari da suka ci har suka daina tsincewa. Sabiru ya ba shi labarin karatun da ya yi a Sakkwato, da yadda ya daɗe yana yawo kafin ya samu aiki, da Jamila, da yaransa. Ya ji kansa yana ta magana, yana tsawaita ta, don kada a zo inda za a zo.

"Ina Bawa?" Hamidu ya tambaya. "Shi da ke zowa ranar ziyara da rake ɗaure a keke. Kullum sai ya ce a ba dogon nan mai tsawon."

Sabiru ya ajiye ludayi. Ya gaya masa, a taƙaice, yana kallon tabarma.

Hamidu ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Bai ce laifin wane ne ba, bai kuma ce ba na wane ba ne. Kaji suka zo suna tsattsage kusa da ƙwaryar fura, ba wanda ya kore su.

Sai ya fara nasa labarin. Bayan ya bar makaranta ya riƙe garken babansa, ya aurar da ƙannensa, shanu suka yi albarka. Da abin ya fara, masu bindiga suka aiko a ba su saniya, aka ba su, suka sake aikowa. Wata safiya suka zo da kansu suka kora garken gaba ɗaya, har da na matarsa. Bai gama jin wannan ba sai mutanen ƙauyen da ke kusa, waɗanda su ma aka kashe wa mutane, suka zo da fushi suka cinna wa rugar wuta. Daga nan suka yi ta tashi, wajen surukai, wajen wani kawu, ko'ina sai a zauna kaɗan a ga ba zama. A daji ana cewa ya zama ɗan gari tunda ya yi boko, a gari kuma da an ga fuskarsa sai a ja yara gefe.

"Kamilu ya gaya mani abin da kake nema," in ji Sabiru. "Dogo, bari in faɗa maka gaskiya. Ni yaro na sani. Wanga mutum da ke gabana, yau na fara ganinshi."

"Gaskiya ka faɗi. Shi ya sa ban yi maganar a waya ba. Tambaye ni duk abin da kake so."

Sabiru ya yi ta tambaya, har da abin da ya ji kunyar tambaya. Da wa yake waya? Wa ke zuwa wurinsa? Da me zai ci da iyali a Gusau? Hamidu ya amsa ɗaya bayan ɗaya bai ɓata rai ba. Mahaucin ya haɗa shi da wani dillali a kara, kasuwar shanu ta Gusau, zai riƙa taya shi duba dabbobi. Gusau kuwa saboda yaran ne. Husna ta yi nisa a karatu kafin a ƙone rugar, yana so ita da ƙannenta su gama abin da shi bai gama ba.

"Akwai wanda ba ka tambaya ba," ya ce. "Ɗan ƙanena yana cikin masu bindigar nan. Ni na yi mashi huɗuba da anka haife shi. Da sunka kore shanun ya bi su, wai zai karɓo namu, bai dawo ba. Ban san inda yake ba, ban da lambarshi, shi ma bai da tawa. Amma jinina ne, kuma gara ka ji daga bakina."

Sabiru ya ture ƙwaryar fura gefe. Ya miƙe, ya taka zuwa ƙofar gida, ya dawo. Ya so ya tambayi ta wane daji yaron yake, ko ya taɓa bi ta wajen Rawayya, sai ya ga ko an ba shi amsa ba abin da zai yi da ita.

"Zan tahi tun da sauran rana," ya ce. "Hanya."

"Haka ne. Allah shi kiyaye."

Hamidu ya raka shi har mota, bai ƙara tayar da maganar ba.

Kwanakin da suka biyo baya Sabiru ya zama abin tausayi. A ofis ya ba wani manomi irin dawa a maimakon na masara. A masallaci sai ya riƙa kallon maƙwabtansa ɗaya-ɗaya yana auna abin da kowa zai ce. Yakan ɗauko waya ya nemo lambar Hamidu, ya mayar aljihu. Jamila ba ta matsa masa ba, sai rannan da take miƙa masa shayi ta ce, "Ɗiya mata uku a ɗakin fatu, ga damina ta kankama." Ba ta ƙara ba.

Wata safiya ya shiga ɗakin Inna ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, ya ba ta labarin tun daga kiran waya har zuwa ɗan ƙanen. Tsohuwar tana jan carbi, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta dubi ƙofa.

"Na tuna shi," ta ce. "Ya taɓa yin hutu gidanmu, ya ci tuwo kamar ba gobe." Ta ja carbin kaɗan. "Ba ni hana ka. Ba ni kuma ce maka na ji daɗi. Abu ɗaya, kada ka kawo mani shi gaisuwa sai ranar da na ce."

Ranar Laraba Hamidu ya zo Gusau. Sabiru ya kai shi zauren mai unguwa, ya kuma gayyato Alhaji Bala, maƙwabcinsa mai ɗakunan haya, wanda tun jiya ya ce akwai ɗaki ciki da falo ba kowa. Mai unguwa ya saurari sunan baƙo da inda ya fito, sannan ya juya.

"Malam Sabiru, ka san shi?"

Sabiru ya ji duk zauren na jiran bakinsa.

"Ranka ya daɗe, na san shi muna yara. Na kuma je inda yake na zauna na ji labarinshi. Abin da ke cikin zuciyar mutum Allah kaɗai ya sani. Amma in wani abu ya taso ta wajenshi, ni za a nema, ga gidana nan."

Kafin mai unguwa ya amsa, Hamidu ya nemi izini ya faɗi maganar ɗan ƙanensa, kamar yadda ya faɗa a Tsafe, bai rage komai ba. Alhaji Bala ya gyara hula, ya duba wayarsa, ya ce ai yanzu ya tuna, ɗakin nan ɗansa ya riga ya yi wa wani alkawari. Ya yi sallama ya fita.

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya ce shi dai mutumin da ya faɗi abin da zai iya ɓoyewa ya fi kwanta masa a rai, amma ba zai tilasta wa kowa ya ba da ɗakinsa ba. Akwai wata tsohuwa, Hajiya Lami, a ƙarshen layi wajen kwalbati, 'ya'yanta duk sun watse, tana neman wanda zai zauna da ita. Zai yi mata magana da kansa, ya gaya mata komai. Sharaɗi kuma, duk baƙon da zai kwana wajen Hamidu sai an kawo shi zauren nan tukuna.

Hajiya Lami ta ce a kawo mata matar da yaran ta gan su. Da ta gan su ta ce ɗakin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, in za su iya, bismilla.

Ranar da suka tare hadari ya haɗu tun hantsi. Motar a-kori-kura ta tsaya a bakin kwalbati da kayan da ba su cika rabinta ba: katifu biyu, tukwane, ƙwarya a cikin ƙwarya, da buhun tufafi. Mutanen layin suka fito ƙofar gidajensu. Wasu suka ce sannunku da zuwa, wasu suka tsaya kallo kawai. Wani da suka saba tafiya masallaci tare da Sabiru ya wuce ta gabansa ya amsa sallama a gajarce, bai tsaya ba. Sabiru ya ji abin har cikin ransa, ya kuma san ba yau zai ƙare ba. Ya ɗauki katifa ɗaya a ka ya shiga da ita.

Jamila ta aiko da shinkafa da wake a babbar kula. Khadija da yaran suka shige ciki wajen Hajiya Lami, ana jin tsohuwar tana nuna musu inda ake shanya da inda ba ta so a zubar da ruwa. Mazan biyu suka tsaya a ƙofa suna kallon sama. Sabiru na ta juya mabuɗin babur a yatsa.

"Kwanon can sai an hau an toshe kafin ruwa ya sauko," ya ce.

"Ni ba sai na hau ba," in ji Hamidu. "Samo mani kujera kawai."

Sabiru ya tafi gida ɗauko kujera da guduma. Yana fitowa iska ta taso, ya ƙara sauri.